Jan ƙarfe ko faiba: yadda na tantance layin intanet a gidan haya

Gidan da na kama haya yana da soket ɗin tarho a bangon falo, irin mai ƙaramin baki da ake kira RJ11, kuma da na shigar da adireshin a shafin kamfanonin intanet sai ya nuna cewa faiba ma ta iso titin. Zaɓi biyu ke nan: a kunna tsohon layin jan ƙarfe da yake nan a bango, ko a jawo sabon zaren gilashi daga waje. Da gidan nawa ne, babu wani dogon tunani, faiba zan ja. Amma ɗan haya bangon ba nasa ba ne, zamansa kuma yana da wa'adi. Don haka lambar gudun nan da ake bugawa da manyan haruffa a talla ita ce ƙarshen abin da na duba. Abubuwan da suka yanke maganar su ne irin wayar da ta iso bangon a zahiri, da yardar mai gida, da watannin da suka rage a takardar haya.

Tambayar farko da na yi wa kowane kamfani ita ce: ina gilashin ya tsaya? Kalmar faiba a talla tana ɗauke da abubuwa uku da ba ɗaya ba ne. Akwai FTTC, inda gilashin yake tsayawa a akwatin ƙarfe na bakin titi, daga can zuwa gida kuwa tsohuwar wayar tarho ce. Akwai FTTB, inda yake shiga ƙasan bene, sannan a raba wa ɗakuna da wayar jan ƙarfe. Sai FTTH, wanda wasu suke rubutawa FTTP, inda zaren yake shigowa har cikin ɗaki. Mai karɓar kira a kamfani sau da yawa bai san bambancin ba, don haka na daina ambata masa waɗannan haruffa. Sai in ce: za ku manna mini ƙaramin akwati a bango wanda zaren gilashi zai shiga, ko a soket ɗin tarho zan sa rauta, wato na'urar da take raba intanet a gida? In ya ce soket ɗin tarho, to jan ƙarfe ne, ko da wane suna aka raɗa masa. Wata alamar kuma tana cikin gudun aikawa. Layin da aka rubuta masa saukewa megabit 70 a daƙiƙa, aikawa 18 ko 20, kusan kullum FTTC ne. Wayar talabijin mai kauri da ake murɗa kanta, wadda wasu kamfanoni suke ba da intanet ta cikinta, ita ma jan ƙarfe ce, sai dai tsarinta daban, kuma ba ta cikin zaɓin da nake da shi.

Tun da jan faiba yana buƙatar izini da awon hanya da jiran ranar ma'aikata, na fara kunna jan ƙarfen a tsarin biyan wata-wata, wanda babu ɗaurin shekara a cikinsa. Kuɗinsa na wata ya ɗan fi na doguwar yarjejeniya, amma ya ba ni abu biyu: intanet nan take, da damar auna layin da kaina maimakon dogaro da ƙiyasin kamfani.

Awon nan shi ne inda ya kamata mutum ya zauna ya natsu. Wayar tarho an yi ta ne don murya, wadda ba ta wuce kilohaz 4 ba. Fasahar DSL, wadda take kai intanet ta wayar tarho, tana cusa bayanai ne a mitocin da suke sama da muryar, kuma duk yadda mita ta yi sama, haka take saurin mutuwa a cikin jan ƙarfe. ADSL2+, wani nau'in DSL, tana amfani da mita har zuwa megahaz 2.2, iyakar gudunta megabit 24 a daƙiƙa wajen saukewa da kusan 1 wajen aikawa, kuma wannan sai ga wanda yake dab da cibiyar tarho. Wanda yake nesa da kilomita 4 zai yi murna in ya ga megabit 4. VDSL2, wadda ake amfani da ita daga akwatin bakin titi, tana hawa har kusan megahaz 17, shi ya sa take iya ba da 70 ko 80 a cikin mita 300 na farko, amma kafin a kai kilomita ɗaya ta sauko wajen 25 zuwa 30. Nisan da ake magana kuwa nisan wayar ne, ba nisan tafiyar ƙafa ba. Ana iya hango akwatin daga taga alhali wayar ta zagaya bayan layin gidaje kafin ta iso.

Modem ɗin, wato na'urar da ake jonawa a soket ɗin tarho don samun intanet, shi da kansa yana faɗin gaskiyar layin. Na haɗa kwamfuta da shi, na buɗe shafinsa ta adireshin da aka rubuta a bayansa, wanda yawanci 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, na shiga sashen DSL. Lambobi biyar nake nema. Ta farko gudun da modem ya daidaita a kai da akwatin titi, wanda shi ne rufin da ba za a taɓa wucewa ba. Ta biyu raguwar sigina a hanya, da ake aunawa da dB. Ƙarama ta fi, kuma ita ce take nuna tsawon wayar. Ta uku tazarar da ke tsakanin sigina da hayaniya, wadda shafin yake rubutawa SNR. Yawancin kamfanoni suna saita ta a 6 dB. Ta huɗu yawan kurakuran CRC, wato bayanan da suka iso a gurɓace. Ta biyar tsawon lokacin da layin ya yi bai yanke ba. A soket ɗin falo na ga saukewa 27, aikawa 6, raguwa wajen 22 dB.

Daga nan na bi wayar don in gano soket na farko, wato wanda wayar waje take fara shiga. Ba na falo ba ne, yana bayan ƙofar shiga, kuma daga cikinsa wayoyi biyu suka fita zuwa falo da ɗakin kwana. Na ɗauki hoton yadda aka ɗaura su, na kwance na cikin gidan, na sa modem kai tsaye a soket na farko. Saukewa ta tashi zuwa 34. Dalilin ba boyayye ba ne. Reshen wayar da ya tafi ɗakin kwana babu komai a ƙarshensa, don haka sigina takan je ta bugi ƙarshen ta dawo ta rikita wadda take tafe, sannan wayar tana tsintar hayaniyar lantarkin gida kamar eriya. Ɗan haya kada ya yanke irin wannan waya. Kwance ta kawai ake yi, a naɗe bakinta da tef, a ajiye hoton don a mayar yadda take ranar tashi. Wayar da take kafin soket na farko kuma ta kamfani ce, ba a taɓa ta.

Sauran gwajin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Na sa tsohon tarho mai igiya na saurara. Layi mai lafiya shiru yake. Ƙarar ƙas-ƙas alama ce ta mahaɗin da ya yi tsatsa a kan turke ko a ramin ƙasa, kuma irin wannan layin yakan fi lalacewa bayan ruwan sama, lokacin da danshi ya shiga mahaɗin. In ana amfani da tarho a layi ɗaya da intanet, dole a sa ƙaramar filtar nan da take raba murya da bayanai, in ba haka ba duk kiran da ya shigo sai ya yanke intanet. Na kuma riƙa duba SNR da rana da kuma bayan magariba. Da rana tana 6 da 'yan kai, da dare sai ta sauko ƙasa da 4, kurakuran CRC su yi ta hawa. Wani ɓangare na wannan daga maƙwabta ne: wayoyin gidaje da yawa suna tafiya a dunƙule cikin kebul ɗaya, siginar wannan tana tsallakawa cikin na wancan. Wani ɓangaren kuma daga cikin gida yake, musamman cajar waya mai araha da fitilun LED marasa kyau. Hanyar kama mai laifi ita ce a ɗauki rediyo mai batir, a sa shi a matsakaicin zango inda babu tasha, a zaga da shi gida. Inda ƙugin ya yi ƙarfi, a zare abin da yake jone a wurin, a sake duba lambar. Idan layi ya cika yankewa, na'urar kamfani da kanta takan rage masa gudu, ta ƙara masa tsarin gyaran kuskure, wanda shi kuma yake ƙara jinkiri da milisakan da dama. Shi ya sa ba a yawan kashe modem ana kunnawa a kwanakin farko: na'urar za ta ɗauka layin ne yake faɗuwa.

To, megabit 34 ba abin rainawa ba ne. Ya isa kallon bidiyo mai ingancin 4K guda ɗaya, wanda yake cin tsakanin 15 da 25, da sauran lilo a gefe. Da kallo kaɗai ake yi a gidan, da nan maganar ta ƙare. Matsalar tana wajen aikawa. Kiran bidiyo mai kyau yana buƙatar megabit 3 zuwa 4 na aikawa ga mutum ɗaya, kuma layin 6 ne gaba ɗaya. Mutum biyu suka shiga taro a lokaci guda, an cinye. Lissafin manyan fayiloli ya fi nuna abin ƙarara. Gigabait 10 daidai yake da megabit 80,000. A layin da yake aika 1, sa'a 22 ke nan da ɗoriya. A 6, kusan sa'a 3 da minti 40. A 100, minti 13. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: da zarar waya ta fara tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet ta cika hanyar aikawa, sai komai ya tsaya cak, har da saukewa, domin saƙonnin da kwamfuta take mayarwa na cewa ta karɓi bayanai su ma ta wannan ƙunƙuntar hanya suke bi, suna jiran layi. Na gwada wannan da umarnin ping, mai auna lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo: jinkirin da yake wajen milisakan 20 sai ya haura ɗaruruwa muddin ana aika fayil. Ga wanda yake aiki daga gida, wannan lambar ta fi ta talla muhimmanci nesa ba kusa ba.

Faiba ba ta san wannan matsalar ta nisa ba. Tsarin da aka fi amfani da shi a gidaje, GPON, yana kai haske har kilomita 20, kuma gidan da yake kilomita ɗaya da wanda yake goma gudu ɗaya suke samu. Ruwa ba ya sa gilashi tsatsa, cajar maƙwabci ba ta dame shi, tsawa kuma ba ta biyo shi ta ƙona rauta kamar yadda take bin jan ƙarfe. Amma kada a ɗauka zaren na mutum ne shi kaɗai tun daga cibiya. Zare ɗaya ne yake fitowa ɗauke da gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na aikawa, sai a raba haskensa ga gidaje 32 ko 64 da wata 'yar na'ura da ba ta cin wuta. Sabon tsarin XGS-PON yana ɗaukar gigabit 10 kowane ɓangare. A aikace rabon ba ya cika damun kowa, domin ba a taɓa samun duk gidajen suna ja a daƙiƙa ɗaya, amma na tambayi kowane kamfani mafi ƙarancin gudun da ya yi alkawari da yamma, na ce a rubuta. A ganina kuma ɗan haya ba shi da dalilin sayen gigabit guda. Wi-Fi ɗin da ya ratsa bango biyu ba zai kai shi ba, yawancin wayoyin hannu ma ba za su nuna bambanci ba. Tsarin megabit 100 zuwa 300 mai aikawa mai kyau ya wadatar, in buƙata ta ƙaru daga baya ana ɗaga shi daga ofis ba tare da an taɓa bango ba.

Sai maganar mai gida, wadda ita ce ainihin ƙofar. Kamfanoni da yawa ba sa huda bango sai sun ga izini a rubuce, kuma ko ba su nema ba, ɗan haya ya nema don kare kuɗin ajiyarsa. Mai gida in aka ce masa kawai "za a sa intanet", abin da yake hangowa shi ne wayoyi suna reto a gaban gidansa. Don haka ban rubuta masa ba sai da mai awon kamfani ya zo ya nuna hanyar da zaren zai bi. Sannan na aika masa saƙo mai ɗauke da hotuna uku, na ja layi a kansu: daga turke zuwa kusurwar bango, daga kusurwa zuwa inda za a huda, da wurin da akwatin zai zauna a ciki. Na rubuta cewa rami ɗaya ne, faɗinsa kusan milimita 10, za a toshe shi da silikon. Cewa akwatin waje bai fi tafin hannu ba. Cewa ba zai biya komai ba. Cewa kayan za su zauna a gidan bayan na tashi, mai shigowa ya same su a shirye. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi jan hankalinsa, don gidan da faiba ta riga ta shiga ya fi saurin samun ɗan haya. Na roƙi ya amsa a rubuce cewa ya yarda, kuma ba za a ɗauki ramin a matsayin ɓarna ba ranar tashi. Maganar baki ba ta da amfani a nan; ana iya sayar da gidan ko a canja wakili kafin wa'adin ya cika.

A gidan bene mai ɗakuna da yawa, yardar mai ɗakin kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da mai ginin ko masu kula da shi, tun da zaren zai bi matattakala da baranda na kowa. Wannan yakan ja lokaci fiye da komai. In mai gida ya ƙi huda sam, akwai abin tambaya kafin a haƙura: ko akwai bututun da tsohuwar wayar tarho ta biyo, a zura zaren ta ciki? A cikin gida kuma akwai siririn zare mai kama da igiyar fatsa, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, wanda ake mannawa da gam a gefen silin ba tare da ƙusa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne huda firam ɗin taga ko matse zaren a ƙarƙashin ƙofa. Na farko ɓarna ce da ba ta gyaruwa da siminti, na biyu kuma zaren zai karye ko ba jima ko ba daɗe.

Kafin in sa hannu na ajiye takardar haya kusa da ta kamfani. Yarjejeniyar faiba yawanci wata 12 ce, ko 18, ko 24, domin kamfani yana so ya mayar da kuɗin jan zaren. In watanni 9 suka rage wa mutum a gida ya ɗauki ta 24, ya ɗaura wa kansa wata 15 da zai biya a gidan da ba ya ciki, sai fa in za a iya ɗauke layin. Tambayoyin da na nemi amsarsu a rubuce su ne: in na koma adireshin da kuke da layi, za ku mayar da ni ba tare da sabunta wa'adin ba? In na koma inda ba ku da layi, me zan biya? Kuɗin sakawa da kuka ce kun yafe, zai dawo kaina in na fita da wuri? Farashin zai tashi a tsakiyar wa'adi? Amsar ta biyu ita ce ta raba kamfanoni biyun da nake dubawa. Ɗaya ya ce sai an biya duk watannin da suka rage, ɗayan ya ce yana saki in aka nuna shaidar sabon adireshi. Na ɗauki na biyun a wata 12, duk da cewa na farkon ya fi sauƙin kuɗi a wata.

Ranar sakawa, abin da ya rage a hannun ɗan haya shi ne zaɓen wuri, kuma gara a zaɓa tun kafin ma'aikaci ya iso, don shi hanyar da ta fi masa sauƙi zai bi. Akwatin da zaren yake ƙarewa a ciki, wanda ake kira ONT, yana buƙatar soket ɗin wuta, rauta ma tana buƙatar nata. Ba dole ba ne su zauna wuri ɗaya. ONT ya zauna kusa da ramin, inda zaren zai yi gajere kuma ƙafa ko kujera ba za su kai gare shi ba, rauta kuma a kai ta tsakiyar gida, a sama, da wayar Ethernet, irin wadda ake haɗa kwamfuta da rauta da ita. Irinta da ake kira Cat5e tana ɗaukar gigabit har mita 100, kuma in ta lalace ana sayen wata, saɓanin zaren da sai an kira kamfani.

Ma'aikacin ya fara duba bangon da na'urar gano wayar wuta da bututun ruwa, sannan ya huda daga ciki zuwa waje, bakin injin yana ɗan kallon ƙasa don kada ruwan sama ya gangaro ciki. A waje ya bar zaren ya ɗan sauka ƙasa da ramin kafin ya hau ya shiga, yadda ruwan da ya biyo shi zai ɗiga a ƙasan lanƙwasar. Haɗa zaren waje da na ciki shi ne aikin da ya cancanci kallo. Ya feƙe rigar roba har gilashin ya fito tsirara, kaurinsa maikuron 125 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), kusan kamar gashin kai. Ya goge shi da auduga mai sifirit har ya yi ƙara, ya sa shi a 'yar na'urar da take yanke shi daidai, ya jera bakunan biyu a injin narkarwa. A allon injin ana ganin su suna matsowa, sai walƙiya ta ɗan lokaci, su zama ɗaya. Injin ya nuna asarar 0.02 dB, duk abin da yake ƙasa da 0.1 mai kyau ne. Ya zura rigar kariya a kan mahaɗin ya gasa ta.

Sai ya auna ƙarfin hasken da yake isowa, mitarsa ta nuna -19 dBm. Wannan lambar a tambaye ta, a rubuta ta a ajiye. Yawancin ONT na GPON suna aiki tsakanin -8 da -27. Layin da aka miƙa wa mutum a -26 zai yi aiki yau, amma ba shi da sauran sarari: ƙura kaɗan ko lanƙwasa ɗaya za ta kashe shi, kuma gara a ce a gyara tun ma'aikacin yana tsaye. Kan zaren da yake shiga ONT yawanci kore ne, an goge bakinsa a karkace da digiri 8 don kada haske ya koma baya. Akwai shuɗi mai miƙaƙƙen baki, kuma ba a haɗa kore da shuɗi ko da sun shiga juna, domin hasken zai zube, bakunan kuma su ƙuje. Tsakiyar zaren da hasken yake bi maikuron 9 ce kawai, don haka ƙwayar ƙura ɗaya ko taɓawar yatsa ta isa ta rufe ta. Ba a zare shi don a gani, ba a kuma leƙa bakinsa: hasken ba ya ganuwa da ido, amma yana iya yi wa ido lahani. Zaren cikin gida na zamani yana jure lanƙwasa fiye da na da, duk da haka ba a naɗe shi kamar igiyar caja, ba a kuma buga masa ƙusa mai matsewa.

Kafin ya tafi na duba fitilun ONT. Ta PON, mai nuna haɗi da cibiya, ta tsaya kore ba ta ƙiftawa, ta LOS a kashe. In LOS ta yi ja, haske ne bai iso ba, wato zare ya karye ko kai ya zare, kuma kashe rauta da kunnawa ba zai yi komai ba. Na gwada gudu da waya, ba da Wi-Fi ba. A nan akwai tarko biyu. In gwaji ya tsaya a 94 alhali an sayi fiye da haka, kusan kullum wayar Ethernet ce: gigabit yana buƙatar duk silli takwas na cikinta, in ɗaya ya katse ko wayar mai silli huɗu ce, sai haɗin ya koma 100. Wanda ya sayi gigabit kuma ya ga 940, kada ya yi faɗa, iyakar ke nan. Na karɓi sunan shiga da kalmar sirri ta PPPoE da lambar VLAN, wato bayanan da rauta take buƙata kafin ta shiga layin kamfanin, don in iya sa rautar kaina. Na kuma duba adireshin intanet, wato IP, da rautar ta samu daga waje. In lambobin farkonsa suka faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin yana raba adireshi ɗaya ne ga mutane da yawa, abin da yake hana shiga kyamarar gida ko wata na'ura kai tsaye daga waje sai an nemi adireshi na musamman.

Wuri ɗaya da jan ƙarfe ya fi faiba shi ne ɗaukewar wuta. Tsohon layin tarho yana zuwa da wutarsa daga cibiya, kusan bolt 48, shi ya sa tarho mai igiya yake aiki ko gida yana cikin duhu. Gilashi ba ya ɗaukar lantarki. Wuta ta tafi, ONT ya mutu, tarhon da aka jona a kansa ma ya mutu. Gidan da yake da tsoho ko marar lafiya mai dogaro da tarhon gida, ko ƙararrawar tsaro da take kira ta layin, ya yi wannan lissafin tun kafin ya canja. Maganinsa ƙaramin batir mai ba da bolt 12. ONT da rauta tare suna cin wajen wat 15 zuwa 20, don haka batir mai wat-awa 60 zai riƙe su kusan sa'a uku. A duba bolt da girman bakin jonawa a jikin cajar kowanne kafin a saya, don ba duka suke ɗaya ba.

Ban rufe layin jan ƙarfen ba sai da faibar ta nuna ta zauna. Wanda yake son riƙe lambar tarhonsa ya nemi a ɗauke ta zuwa sabon layi tukuna, domin in aka rufe tsohon kafin nan lambar tana iya tafiya. Na kuma sanar da mai gida cewa an rufe, saboda a wurare da yawa layin jan ƙarfe in ya mutu ba a sake kunna shi inda faiba ta iso. Kamfanin Telefónica ya riga ya rufe cibiyoyinsa na jan ƙarfe a Sifaniya, a Birtaniya ma an sa farkon 2027 don kashe tsohon tsarin tarho.

Duk da haka ba kowane ɗan haya zan ce wa ya bi hanyata ba. Wanda zamansa bai kai shekara ba, modem ɗinsa ya nuna 60 ko 70 a soket na farko, SNR ba ta motsi da dare, kuma ba ya aika manyan fayiloli, ya zauna a jan ƙarfe na wata-wata, ya huta da neman izini. Haka wanda mai gidansa ya kafe.

Ranar tashi kuma, ONT da akwatin bango suna zama a gidan, don an yi musu rajista da wannan layin, ba za su yi aiki a wani adireshin ba. A bar cajarsa tare da shi. Rauta ce ake mayar wa kamfani in tasu ce, a karɓi rasit, domin sukan caji wanda bai mayar ba. In an zare kan zaren saboda fenti, a rufe shi da murfinsa na roba. A mayar da wayoyin tarhon da aka kwance yadda suke a hoto, a ɗauki hoton ramin da fitilun ONT suna kunne, a haɗa da saƙon izinin mai gida a aika wa wakilinsa kafin a miƙa makulli.